Dimokuraɗiyya: abin da kalmar ke nufi a bakin Girkawan dā

Daga Girkanci kalmar dimokuraɗiyya ta fito: "demos" jama'a, "kratos" kuwa iko. Sai dai a birnin Atina "demos" na da fuska biyu. Wani lokaci ana nufin duk 'yan gari, wani lokaci kuma talakawa zalla. Shi ya sa masu hannu da shuni da yawa suka ƙi jinin kalmar, don a kunnensu tana nufin 'yan ƙwadago sun hau kan masu gonaki.

Wajen shekarar 594 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Solon, mai tsara dokokin Atina, ya kasa 'yan gari gida huɗu gwargwadon amfanin gonar mutum a shekara: masu awo 500, masu 300 da ke iya riƙe doki, masu 200 da ke da shanun huɗa, sai 'yan ƙwadago a can ƙasa. Manyan muƙamai na na sama ne. Kilistenis, wani jagoran Atina, ya faɗaɗa tsarin wajen 508, sannan a yaƙin Salamis na 480 talakawan nan ne suka riƙe filafilan jiragen da suka karya rundunar ruwan Farisa. Daga nan muryarsu ta ƙara nauyi, kuma ni a ganina sun cancanta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake samun muƙami. Majalisar mutum 500 ba zaɓenta ake yi ba, ƙuri'a ake jefawa, irin ta rabo, wanda ta faɗo a kansa ya shiga. Masu yanke hukunci a kotu ma haka. Daga baya har dutse suka sassaƙa mai ramuka jere: kowa ya soka allon sunansa, a zuba ƙwallaye farare da baƙaƙe ta wani bututu, farin ya fito layin ya samu shiga, baƙin ya fito su koma gida. Janar-janar goma dai zaɓensu ake yi, domin yaƙi na buƙatar gwani. Masanin falsafa Aristotle ya ce zaɓe hanyar mulkin 'yan tsiraru ce, ƙuri'ar rabo kuwa ta dimokuraɗiyya. Mu a Hausa da kalma ɗaya, ƙuri'a, muke kiran duka biyun.

Mata, bayi da baƙi kuwa ba su da ta cewa a taron gari, ko da baƙon ya tsufa a birnin. Aristotle kansa baƙo ne daga Sitagira, ya yi shekaru yana koyarwa a Atina ba tare da ikon jefa ƙuri'a ba.