Tsayar da jini a tiyatar yanke ƙari daga ƙoda

Tsayar da jini dabara ce da likitocin tiyata ke amfani da ita idan za su yanke ƙari daga ƙoda su bar ragowarta. Ana matse babbar jijiyar da ke kai wa ƙodar jini da ɗan ƙarfe, wani lokaci har da wadda ke fitar da shi, ba a sakinta sai an gama yanka da ɗinki. Ƙodojin mutum biyu na karɓar kusan kashi 20 cikin 100 na jinin da zuciya ke harbawa, shi ya sa in aka yanka ba tare da matsewa ba, jini kan cika wurin har likita ya kasa ganin iyakar ƙarin. Abin da aka daɗe ana taƙaddama a kai shi ne irin lahanin da wannan tsayarwa ke barin ƙodar da shi bayan shekaru.

Tarihi

Gustav Simon ne ya fara cire ƙoda da gangan, a Heidelberg ta Jamus a 1869. Galibi ana cewa Vincenz Czerny ne ya fara yanke sashen ƙoda saboda ƙari, a wajajen 1887, shi ma a wannan birni. Aikin bai samu karɓuwa ba saboda zubar jini da yoyon fitsari. Bayan Charles Robson na Kanada ya fitar da sakamakon aikinsa a 1969, cire ƙodar baki ɗaya ya zama ƙa'ida, aka bar yanke sashe ga mai ƙoda ɗaya ko wanda ƙari ya kama masa duka biyun. Na'urorin ɗaukar hoton ciki ne suka sauya lamarin, da aka riƙa gano ƙananan ƙari tun ba su nuna alama ba, sai yanke sashe ya yawaita.

A tiyatar buɗe ciki, akan lulluɓe ƙodar da dakakkiyar ƙanƙara bayan an matse jijiya, zafinta ya sauko zuwa digiri 15 zuwa 20, domin ƙoda mai sanyi ba ta cin iskar oksijin sosai. Da tiyatar ƙananan huji ta shigo a farkon shekarun 1990, sannan ta mutum-mutumi a wajajen 2004, saka ƙanƙara ya yi wuya, aka koma matsewa da ɗumin jiki. Tsohuwar iyakar lokacin matsewa da aka gada ita ce minti 30, wadda akasarin hujjarta daga gwajin dabbobi ta fito.

Yadda lahanin ke faruwa

Jini na tsayawa, ƙwayoyin halittar da ke cikin siraran bututun tace fitsari sukan fara rasa makamashi, su kumbura, wasu su mutu. Dawowar jinin ma na zuwa da tata ɓarnar ta kumburi. Yawancin bututun kan farfaɗo cikin kwanaki ko makonni. Inda raunin ya yi tsanani, ƙananan jijiyoyi kan ragu, tabo ya maye gurbin nama mai aiki.

Binciken da aka yi

A 2010 Thompson da abokan aikinsa sun duba majinyata 362 masu ƙoda ɗaya daga asibitocin Mayo da Cleveland a Amurka. Sun ga haɗarin gazawar ƙoda na ƙaruwa da kowane minti, musamman bayan minti 25, kuma wannan adadi ya bazu har ya zama ma'auni. Sai dai binciken bai lissafa yawan naman ƙodar da aka bari ba. Ƙari babba ko mai zurfi shi ke cin lokaci, shi ne kuma ke tafiya da nama mai yawa, don haka aka ɗora wa agogo laifin da wani ɓangarensa na wuƙa ne.

Lane da abokansa sun shigar da wannan lissafi a 2011 a kan ƙodoji 660. Abin da ya fito shi ne ƙarfin ƙodar kafin tiyata da kason naman da ya rage su ne ke yanke hukunci daga baya, tasirin mintuna kuwa ya dushe. A 2013 Parekh ya ɗebi samfurin naman ƙoda daga majinyata 40 a lokacin aiki, ya tarar ƙodar ɗan Adam na jure minti 30 zuwa 60 fiye da yadda ake zato. Majinyatan ba su da yawa, kuma wasu masana sun soki yadda aka fassara sakamakon.

Inderbir Gill ya gabatar da yanka ba tare da matse babbar jijiya ba a 2011. Gwajin CLOCK na Italiya, wanda ya raba majinyata sama da 300 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, bai ga bambancin a-zo-a-gani ba a aikin ƙoda bayan wata 6 tsakanin waɗanda aka matse wa jijiya da waɗanda ba a matse wa ba. Wani gwaji a Kanada da aka wallafa a 2021 ma bai nuna amfanin ƙanƙara ba bayan shekara 1.

A matsakaici, ƙodar da aka yi wa aiki kan rasa kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfinta, mafi yawansa saboda naman da aka yanke ko ɗinki ya shaƙe.

Masu haɗari

Mai ƙoda ɗaya, da wanda ƙodarsa ta riga ta raunana saboda ciwon suga ko hawan jini, su aka fi ji wa tsoro. A kansu har yanzu likitoci na ƙoƙarin kada a wuce minti 25 in babu sanyaya.

Maganin kariya

An daɗe ana ba da manitol, wani magani mai ƙara yawan fitsari, ta jijiya kafin matsewa. Gwajin da aka yi a New York, aka wallafa a 2018, bai nuna yana ƙara wa ƙoda komai ba.