Takardar patanti ba izinin sayar da giya ba ce

Wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallacin unguwarsu bayan la'asar, da ya ji abin da ya kawo ni. Ya ce, "Ɗana, abin da Allah ya haramta, wace takarda ce za ta gyara shi? Ku bar wannan zance a Yamai, nan Tawa ce." Na ce, "Baba, gaskiyarka. Takarda ba ta halatta komai." Na yi shiru ban ƙara ba, don na ji nauyin in faɗa masa a gaban mutane cewa shagon da jikokinsa ke zuwa sayen magi da sabulu, taku kaɗan daga inda muke tsaye, daga nan na fito.

Aikina duba-gari ne. Rijiya, salanga, mahauta, masu abinci a tasha, su ne sana'ata, kuma da farko shinkafa da man da wa'adinsu ya wuce na shiga nema a wannan shago. Bayan kwalayen taliya sai ga jarka rawaya, irin ta lita 25 da muke ɗiban ruwa da ita, an rufe bakinta da leda. Kusa da ita buhu ne cike da ƴan ledojin barasa masu hoton zaki da damisa. Ina nan tsaye wani yaro da jakar lakwal a baya ya leƙo, ya ajiye dala ashirin a kan tebur bai ce uffan ba, da ya gan ni ya kwashe kuɗinsa ya fita da gudu. Mai shagon kuwa ko a jikinsa. Ya buɗe akwati ya zaro mini takardar biyan patanti da lambar NIF, wato lambar mai biyan haraji, har da ta rajistar kasuwanci, duk a cikin leda tsaf, ya ce, "Malam, ni takarduna sun cika."

Nan kuskuren yake, kuma ba shi kaɗai ke yin sa ba. Rajistar kasuwanci tana nuna cewa kai ɗan kasuwa ne. NIF da patanti tsakaninka da masu karɓar haraji ne. Babu ɗaya a cikinsu da ta ba ka damar sayar da abin da ke sa maye. Wannan izini ne na daban da ake nema wurin hukuma, a rubuce, kafin a buɗe wuri, kuma ana iya hana ka, ana iya ba ka a ƙwace daga baya. Mai bar, mai otel, mai gidan abinci da ke ajiye kwalabe a firji, har da wanda ke sayarwa a tafi da ita gida a sha, duk ya shafe su. Cewa "ai ni ba a zama a wurina" ba ta fid da kowa.

Izinin igiya ce, kuma abu na farko da take ɗaurewa shi ne sunan mutum guda wanda za a riƙe in wani abu ya faru. Shi ya sa ake neman takardar shaidar ɗan ƙasa da ta kotu mai nuna ko an taɓa ɗaure mutum, ƴan sanda kuma su binciki halinsa. Sai wuri. Izinin na wannan ɗaki ne da aka je aka gani, ba ya bin mai shi in ya ƙaura, ba a kuma ara wa ƙane ya buɗe reshe da shi. Ana duba me ke kusa: masallaci ko coci, lakwal, likita, maƙabarta, barikin soja. Mu kuma namu rabon shi ne cikin ɗakin. Tun dokar tsaftar jama'a ta 1993 aka ɗora wa ma'aikatan tsafta duba wuraren ci da sha, don haka muna tambayar ina ruwan wanke kofuna, ina makewayi, ina ruwan datti ke bi, iska na shiga ko kuwa kurkuku ne mai ƙofa ɗaya. Na taɓa shiga wani wuri da bokiti guda ake dauraye kofin kowa tun magariba har asuba. Ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Ko ba giya, wannan kaɗai ya isa ya raba wa mutane zawo.

Akwai kuma abin da ko mai izini ba ya tsallakewa. Kundin hukunta laifuffuka na ƙasarmu ya tanadi horo ga wanda aka samu a buge a bainar jama'a, ya kuma tanadi horo ga mai mashayar da ya ƙara wa wanda ya riga ya bugu, ko ya ba yaron da bai kai shekara 18 ba. Wato yaron nan mai dala ashirin, doka ta san da shi tun kafin a haife shi, sai dai ba wanda ya kai mata labari.

Yawancin tsarin takardunmu daga Faransa muka gaje shi, kuma can abin ya fi tsanani fiye da yadda ƴan fada ke zato. Sun raba lasisi aji-aji gwargwadon ƙarfin abin shan, ba sa yarda a buɗe sabuwar mashaya a garin da ya riga ya kai guda ɗaya ga kowane mutum 450, mai buɗewa kuma sai ya zauna ajin horo na awa 20 kafin a ba shi takardar da ke aiki shekara 10. Ƙasar da giya ke kan teburin cin abinci ke nan. Mu da muke ƙyamar abin, sai muka bar shi ba mai tsaro, don kunyar ambaton sunansa. Ni a ganina wannan kunyar ita ta fi yi wa masu sayarwa a ɓoye amfani. Wurin da ke da allo a ƙofa kowa ya san shi, uba na iya hana ɗansa bin layin. Shagon magi fa, wa zai hana yaro zuwa?

Ledojin nan su suka fi tayar mini da hankali. Abin da ke ciki ba irin giyar kwalba ba ne mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Barasa ce mai zafi, da yawanta an rubuta kashi 40 ko sama a jiki, ga araha, ga ta tana shiga aljihun wando ba wanda ya gani. Ɗan kabu-kabu ya tsotse biyu da safe ya ce yana korar sanyi, ya ɗauki mace da goyo. Wani ya haɗa da tiramol. Ƴan uwanmu masu zuwa bida Abijan sun san Kodebuwa ta hana irin wannan leda tun 2016. A Najeriya hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta sanar a 2024 cewa ta hana barasar leda da ta ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba, ko da yake an yi ta ja-in-ja da masu masana'antu a kai. Kayan da aka kora daga wata kasuwa kuwa wata yake nema, kuma tsakanin Illela da Ƙwanni ba nisa.

Jarkar ta fi ledar haɗari, don ita ko suna ba ta da shi. Akwai wani sinadari da ake kira metanol, ɗan uwan barasa ne a kama da wari, ana amfani da shi a fenti da wasu kayan masana'antu. Marar tsoron Allah kan zuba shi don ya ƙara yawa da zafi, wani lokaci kuma dahuwar ce ba a iya ba. Harshe ba ya bambance shi, hanci ma haka. Mililita 10, kimanin cokali guda na cin abinci, na iya makantar da mutum, mililita 30 na iya kisa. Mugun halinsa shi ne jinkiri. Mutum zai sha ya bugu kamar kullum, ya kwana, ya tashi garau. Hanta ce ke juya shi ya zama guba a hankali, sai bayan awa 12 zuwa 24, wani lokaci fiye, ciwon kai da amai da ciwon ciki su taso, numfashi ya riƙa fita da sauri, gani ya dushe. A 2015 gomman mutane suka mutu ta haka a jihohin Ondo da Ribas na Najeriya bayan shan ogogoro, wato barasar da ake dafawa a gida, kuma da farko wasu cewa suka yi fushin dodo ne.

Ban yi mamakin wannan ba, don na ga irinsa. Wani dare ina tare da majo a likitar unguwa aka kawo wani saurayi a amalanke. Yana ta murza ido yana cewa, "Hazo nake gani, ku kunna fitila." Fitila kuwa a kunne take. Mahaifiyarsa ta rantse iska ce ta buge shi a hanyar gona, sun yini suna turare da tofi. Majo ya ja abokinsa gefe, ya ce, "Ƙanena, ba ɗan sanda ba ne ni, me kuka sha jiya?" Sai da ya tambaya sau uku kafin yaron ya sunkuyar da kai ya faɗa. Aka tura shi babbar likita a daren. Ya rayu, amma har yau sai an ja masa hannu. Da an kawo shi tun safe da labarin ya iya canzawa, domin akwai maganin da ke tare gubar kafin ta gama aikinta, in abin ya yi nisa kuma sai wankin jini da inji, wanda ba kowace likita ke da shi ba.

To, ga abin da nake roƙo. In kun lura ana sayarwa a unguwa, kada a tara yara a je da duwatsu, wannan wata fitinar ce kuma ku za a kama. A sami mai unguwa, shi ya kai maganar ma'aikatar magajin gari ko komisariya, ko ku zo wurinmu a ofishin tsafta. Tambaya ɗaya ce za a yi wa mai wurin: ina izininka? In babu, magana ta ƙare. In akwai, ba ta ƙare ba, don ana iya kai ƙara a kan kiɗa har tsakar dare, fitsari a jikin katangar maƙwabta, ko sayar wa yara, kuma irin wannan ƙara ce ke sa a rufe wuri. Ku rubuta, ku sa rana, mutum uku ko huɗu su sa hannu. Takarda ta fi tsegumin fada nauyi a ofis.

Ku kuma iyaye mata, Inna, in ɗanki ya ce ganinsa ya dushe ko numfashinsa ya canza, kuma kina da zargin abin da ba kya son faɗa, kada ki jira gari ya waye. Kada a ba shi madara ko tsamiya a ce za ta karya, kada a sa shi amai da ƙarfi. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko a nemi abin hawa a kai shi likita, a faɗa wa ma'aikaci gaskiya a kunne, sirri ne a wurinmu. A nemo waɗanda suka sha tare da shi ko da suna cewa lafiyarsu lau. In akwai sauran abin a leda ko a gora, a zo da shi.