Fitilun gaba masu ɓuya na Corvette C3

Fitilu masu ɓuya su ne fitilun gaba da ke kwance a cikin hancin mota, ba a ganinsu sai an kunna, sannan su ɗago kai kamar mai farkawa daga barci. Motar Cord 810 ta Amurka ce ta fito da su a 1936, kuma a lokacin direba ne ke murɗa wasu ƙananan hannuwa a dashbod don ya ɗago su. Daga baya masu ƙera motocin gudu suka rungume su, saboda dokar Amurka ta lokacin ta ƙayyade girman fitila da tsayinta daga ƙasa, su kuwa suna son hanci siriri mai tsaga iska.

Corvette ta kamfanin Chevrolet ta fara ɓoye fitilunta a 1963 da ƙaramin injin lantarki. Amma zubi na uku, wanda ake kira C3, da aka ƙera daga 1968 zuwa 1982, ya bar lantarki ya koma amfani da zuƙar iskar inji. A 1984 aka dawo da lantarki, a 2004 kuma Corvette ta rabu da irin waɗannan fitilu baki ɗaya.

Yadda suke aiki

Injin fetur yana zuƙar iska ta manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji, kuma idan yana silo maƙogwaron kafireta kusan a rufe yake, don haka zuƙar ke da ƙarfi. Lafiyayyen inji da ba a yi masa gyare-gyaren tsere ba yakan nuna tsakanin inci 17 zuwa 21 na zaiba a geji. Da an taka totur sosai, zuƙar ta faɗi kusan sifili. Wannan ya sa aka sa bawul mai barin iska ta bi hanya ɗaya kawai, tare da filta, da tankin da ke riƙe zuƙar a ajiye.

Daga wannan bawul hanya ta rabu biyu, kuma wanda bai gane rabuwar ba zai wuni yana canza kaya a banza. Akwai siraran tiyo masu kai umarni, akwai masu kauri masu yin aikin ƙarfi. Siraran suna bi ta makunnin fitila, su ratsa wani ƙaramin bawul da ke ƙarƙashin sitiyari, su ƙare a kan rile da ke gaban mota, wato bawul ɗin da ke juya zuƙar tanki zuwa ɗagawa ko rufewa. Masu kaurin kuwa suna tashi daga tanki zuwa rile, daga nan zuwa gwangwanin da ke motsa kowace fitila. A cikin gwangwanin akwai fatar roba da ta raba shi ɗaki biyu, da sandar ƙarfe da ke tura fitila ko ta jawo ta.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne umarnin a juye yake. Muddin akwai zuƙa a siririn tiyo, rile yana riƙe fitilu a rufe. Idan direba ya ja makunni, zuƙar ta yanke, sifirin da ke cikin rile ya tura bawul, sai ƙarfin tanki ya koma ɗakin da ke ɗaga fitila. Wato rashin zuƙa shi ne umarnin "tashi". Dabara ce mai kyau, domin idan siririn tiyo ya fashe cikin dare, fitila a buɗe za ta tsaya. Motar Lotus Elan ta Ingila, wadda ita ma da zuƙa take aiki, da farko an yi ta ne akasin haka: zuƙa ce ke riƙe fitila a sama, in ta zurare sai fitilu su sunkuya ana tsakar tafiya. Daga baya aka juya tsarin, sifirin ya zama mai ɗagawa.

Manyan tiyo suna da zanen launi a jikinsu: ruwan ɗorawa daga tanki yake, kore na ɗagawa, ja na rufewa. Bawul ɗin ƙarƙashin sitiyari kuwa an sa shi ne don a iya ɗaga fitilu ba tare da an kunna su ba, lokacin wanki ko canza ƙwai. Sau da yawa wanda ya sayi motar kwanan nan kan yi ta neman dalilin da ya hana fitilu kwanciya, ashe wannan bawul ne aka bari a jaye.

Gano inda matsala take

Alamar da motar ke nunawa ita ce ke faɗin layin da za a bi. Idan fitilu suka tashi da zarar an tayar da inji, suka ɗan jima sannan suka kwanta, ko suka ƙi kwanciya sam, a nemi yoyo a siraran tiyo, ko makunni, ko saman rile. Idan suna leƙowa ne kawai lokacin da aka taka totur a hawa, yawanci bawul mai hanya ɗaya ne ya daina riƙewa. Idan kuwa duka biyun suka ƙi tashi, ko suna tashi da kyar, zuƙar ce ba ta isa ba: a duba tiyon manifol, filta, da tanki. Ɗaya ta tashi ɗaya ta ƙi, wanda masu motar ke kira kashe ido, wannan laifin ɓangare ɗaya ne. Ɗan bambancin daƙiƙa ɗaya ko biyu tsakaninsu ba ciwo ba ne.

Kayan aikin da ya fi komai amfani shi ne famfon hannu mai zuƙar iska, mai geji. A zare koren tiyo daga rile, a haɗa famfo, a matsa. Fitila ta kamata ta tashi, allurar geji kuma ta tsaya inda take. In allura tana zamewa ƙasa, ɗakin yana yoyo. A maimaita da jan tiyo. Idan ɗakunan biyu duka ba sa riƙewa, fatar tsakiya ce ta yage, sai dai a canza gwangwanin. Idan ɗakin gaba ne kaɗai, abin ya zo da sauƙi: robar da sanda ke ratsawa ce, wadda Amurkawa ke kira hular mayya saboda tsininta. Tana bushewa ta tsage, ana kuma sayar da ita ita kaɗai.

Rile ma haka ake gwada shi. A ba saman zuƙa a ga ko ya riƙe, sannan a duba ko zuƙar tiyon ruwan ɗorawa tana komawa jan tiyo ko kore yadda ya dace. A ƙasansa akwai ɗan soso mai tace iska. Idan ya ruɓe, ƙura ta shiga ta cinye robar ciki.

Ba kullum iska ce mai laifi ba. Hannuwan ƙarfen da ke ɗaga fitila suna da sifirin da bushin, kuma tsohon giris yakan daskare ya zama kamar kwalta. Da inji a kashe, a sa hannu ta ƙasa a motsa su. In sun cije, a wanke a sa sabon giris kafin a zargi gwangwani. A kiyaye yatsu, domin murfin yakan faɗo da ƙarfi.

Motocin 1968 zuwa 1972 suna da ƙarin wahala: ƙofar da ke ɓoye waifa ita ma daga tushe ɗaya take samun zuƙa, don haka yoyo a can yana raunana fitilu. Maƙale tiyonta na ɗan lokaci da filaya yana nuna ko daga nan ne. Wanda kuma ya sa wa injinsa kamshaf na tsere, zuƙar silo ta ragu ke nan tun daga tushe, sabbin tiyo ba za su dawo da ita ba. Irin waɗannan ne suka fi sa famfon lantarki na taimako, ko su cire tsarin su sa injin lantarki. Masu son motar ta zauna yadda ta fito daga masana'anta kuwa sukan sayi cikakken jerin tiyo masu launi, su riƙa canza su ɗaya bayan ɗaya don kada su rikice.