Tattalin Arzikin Amfani Tare: Bunƙasa da Ɗorewa

Tattalin arzikin amfani tare shi ne tsarin da mai abu ke ba da aronsa ko hayarsa na ɗan lokaci ga wanda bai sani ba, ta hanyar manhaja ko shafin intanet. Abin kan zama ɗakin da babu kowa a ciki, ko gurbin da ya rage a mota, ko keke, ko kayan aiki. Galibi kamfanin da ke da manhajar ba shi ne mai kayan ba. Aikinsa haɗa mai kaya da mai bukata, karɓar kuɗi, da cire la'adarsa. Amana kuwa tana ginuwa ne kan makin da kowane ɓangare ke bai wa ɗaya bayan an gama hulɗa.

Asali

Aro da haya tsofaffin abubuwa ne. Wayar zamani, da taswirar da ke nuna inda mutum yake, da biyan kuɗi ta intanet, su suka buɗe kasuwar ga waɗanda ba su san juna ba. An kafa kamfanin hayar mota na Zipcar a Amurka a 2000, BlaBlaCar mai haɗa direba da matafiya a Faransa a 2006, Airbnb na hayar masauki a 2008, Uber na ɗaukar fasinja a 2009. Matsin tattalin arzikin 2008 ya ƙara musu kasuwa, domin mutane da yawa na neman ɗan abin da zai rufa musu asiri.

Hujjar kare muhalli

Hujjar mai sauƙi ce. Motar gida kan shafe mafi yawan yini a ajiye, alhali an riga an kashe ƙarfe da makamashi wajen ƙera ta. Idan gidaje da yawa suka wadatu da mota ɗaya, an rage ƙera sababbi, an kuma rage filin ajiye su. Haka direban da dama can zai tafi wani gari, ya ɗauki mutum uku su raba kuɗin mai: hayaƙin tafiyar bai ƙaru sosai ba, amma mutum huɗu ya kai. A nan ne tsarin ya fi cika alkawarinsa.

Inda bunƙasa ke cin ribar

Sharaɗin duk wannan amfani shi ne kayan ya kasance dama akwai shi, yana zaune a banza. To amma kamfanin da ya karɓi kuɗin masu zuba jari dole ya ci gaba da girma, kuma kayan da ke zaune a banza suna da iyaka. Da sun ƙare, sai a shiga sayen sababbi musamman don haya. Mutum ya ci bashi ya sayi mota don ya yi aikin manhaja, mai hali ya sayi gidaje ya fitar da 'yan haya na shekara ya koma karɓar 'yan yawon buɗe ido. Daga nan abin ya koma haya irin ta yau da kullum, sunan ne kawai ya rage.

Ƙasar Sin ta ga haka ƙarara. Kamfanonin keken haya irin su Ofo da Mobike sun cika birane da kekuna a gasar kwace kasuwa, har a 2017 da 2018 hukumomi suka riƙa kwashe su suna jibgewa a filaye, tuli guda, ƙafa kan ƙafa, suna tsatsa. Ofo ya durƙushe a ƙarshen 2018, jama'a suka yi dogon layi suna neman kuɗin ajiyarsu.

Motocin manhaja ma suna da tasu illar. Tsakanin sauke fasinja da ɗaukar na gaba, direba na yawo babu kowa a mota, kuma wani sashe na fasinjojin, ba don waɗannan motoci ba, da a ƙafa za su tafi, ko a bas ko jirgin ƙasa. Hukumar sufuri ta birnin San Francisco na Amurka ta bayyana a 2018 cewa kusan rabin ƙaruwar cunkoson birnin daga 2010 zuwa 2016 daga waɗannan motoci ya fito. Sannan duk abin da ya yi araha, ana ƙara amfani da shi: masauki mai rahusa kan jawo ƙarin tafiye-tafiye a jirgin sama.

Ma'aikata da doka

Ɗorewa ba a muhalli kaɗai ta tsaya ba, ta haɗa da haƙƙin wanda ke aikin. Direba ke sayen mai, shi ke gyara, alhali manhaja ce ke yanke farashi. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa direbobin Uber ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya. Tarayyar Turai ta amince da doka kan aikin manhaja a 2024.

Birane kuma sun tashi kare masu neman gidan zama. Amsterdam ta ƙayyade hayar gida ga baƙi zuwa kwana 30 a shekara, Landan kwana 90. New York ta fara aiwatar da doka mai tsauri ta rajistar masu ba da hayar gida na ɗan lokaci a Satumban 2023, Barcelona kuma ta sanar a 2024 cewa za ta kawo ƙarshen lasisin gidajen 'yan yawon buɗe ido nan da 2028. Wasu direbobi sun zaɓi su mallaki manhajar da kansu, kamar ƙungiyar haɗin gwiwar direbobi da ta fara aiki a New York a 2021, inda ribar ke komawa ga mambobinta.