Waiwaye: Yadda tallafin kuɗi a hannu ya shigo gidajen talakawan karkara

Shekaru ashirin da suka wuce, idan aka ce agaji ya zo ƙauye a jihar Maraɗi ko a Jigawa, buhunan masara da shinkafa da galan-galan na mai ake nufi. Ba a cika tunanin a danƙa wa matar aure tsabar kuɗi a ce ta yi hidimar gidanta yadda ta ga ya dace ba. Masu ba da agaji suna ganin talaka bai iya riƙe kuɗi ba, wai maigida zai karɓe ya ƙara aure, ko su ƙare a goro da sigari.

Daga Kudancin Amurka da Meksiko aka fara karya wannan tunani. A 1997 Meksiko ta ɓullo da shirin Progresa, inda ake bai wa iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta a kuma riƙa kai su asibiti. Birazil ta biyo baya da Bolsa Familia a 2003. Amma a ƙasar Hausa, yunwar Nijar ta 2005 ce ta buɗe idon mutane. Fari da farin dango sun ɓata amfanin gona a 2004, sai dai a shekarar da ta biyo baya kasuwanni ba su rasa gero ba. Yana nan jibge, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin manomin da ya noma shi. Mutane suka koma cin anza da ganyaye, yara masu tamowa suka cika cibiyoyin jinya a Maraɗi. Tun da hatsi na kasuwa, aljihu ne ba komai, sai ƙungiyar Red Cross ta Birtaniya ta gwada raba kuɗi a yankin Tanut na jihar Damagaram a ƙarshen shekarar.

Wanda bai san yadda watan Yuli da Agusta suke a gidan ƙaramin manomi ba, da wuya ya gane abin da jika 10 (sefa dubu 10 ke nan, kuɗin Nijar) ko naira dubu kaɗan ke iya yi. A lokacin rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, gona kuma na neman noma na biyu. Maigida sai ya bar tasa gonar ga ciyawa ya tafi ƙwadago a gonar mai hali don a samu mudun da za a daka da yamma. In ƙwadagon bai samu ba, a kai akuyar uwargida kasuwa a lokacin da kowa ke kai tasa, dillali ya saya da arha. In babu akuya, a ci bashin dami ɗaya a biya biyu da kaka. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da yara a daidai wannan lokaci. Da kaka ta yi, gonar da ba ta samu noma ba sai ta ba da kaɗan, kaɗan ɗin ma masu bashi su ɗebi nasu, rumbun baɗi ya ƙare tun kafin bazara. Kuɗin da ya shigo gidan a Yuli yana tsayar da maigida a gonarsa, ya kuma bar akuya a turke.

Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern ta raba kusan jika 22 duk wata na tsawon wata 5 ga gidaje wajen 10,000 a ƙauyuka 96 na jihar Tawa a 2010. Wasu ƙauyukan an ba su a ambulan, wasu kuma ta wayar salula, ta tsarin tura kuɗi na Zap na kamfanin Zain. Masu binciken da suka bi sawun shirin sun tarar gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun fi samun ci a rana. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san zaman ƙauye: matar ba ta ɓata yini a hanya da layi ba, kuma saƙon ya shigo mata a asirce, ba a gaban jama'a da masu binta bashi ba, don haka bakinta ya fi ƙarfi wajen yanke abin da za a saya.

A 2011 gwamnatin Nijar, da tallafin Bankin Duniya, ta kafa shirinta na dindindin, ana ba mata jika 10 duk wata, da farko na wata 18 a jihohin Tawa da Tilaberi, daga baya na shekara 2 a sauran sassan ƙasar. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da aka gani bayan an daina biya: shekara ɗaya da rabi da tsayawar kuɗin, gidajen da suka karɓa sun fi makwabtansu dabbobi, matansu kuma sun fi zubi a adashi. Kuɗin bai faɗo a kan fako ba. Tun 1991 ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta assasa a Maraɗi suke koya wa mata zubin mako-mako da rance a tsakaninsu. Mace ta san ranar kaza kuɗi zai zo, sai ta yi ƙarfin halin shiga adashi, ranar kwasarta ta sayi tunkiya ko ta ƙara jarin ƙuli-ƙuli.

A Najeriya gwamnatin tarayya ta ɗan taɓa abin a 2007 da shirin COPE a ƙarƙashin hukumar yaƙi da talauci ta NAPEP, amma bai yi nisa ba. Wanda ya bar darasi mai kauri shi ne shirin da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2013 zuwa 2019, ƙungiyoyin agaji na Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar a Anka da Tsafe a Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kirikasamma a Jigawa. Ana ba mai juna biyu naira 3,500 duk wata, daga baya 4,000, har ɗanta ya cika shekara 2, tare da wayar da kai kan shayar da nono zalla da abincin yaye. Binciken da aka yi ya nuna raguwar tsumburewar yara da kusan kashi 8 cikin 100, matan kuma sun ƙara dabbobi da ƙananan sana'o'i, kuɗin ma galibi a hannunsu ya zauna. Zargin sigari da barasa kuwa, wani nazari na Bankin Duniya a 2014 ya tattara bincike 19 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, bai ga an ƙara kashe kuɗi a kansu ba.

Ba wai babu ƙura ba. Inda aka rubuta sunan amarya aka bar uwargida, ko aka ɗauki gida aka tsallake na makwabci alhali talaucinsu ɗaya, ana samun ƙorafi da gaba. Kuma naira dubu huɗu ba ta gina asibiti, ba ta kawo malami ƙauye.

Gwamnatin Buhari ta faɗaɗa abin zuwa ƙasa baki ɗaya daga 2016, da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, aka kuma zuba masa dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha da Siwizalan ta dawo da su bisa yarjejeniyar ƙarshen 2017. A lokacin naira 5,000 ce duk wata, ana biyan 10,000 bayan wata biyu. A takarda ke nan. A ƙauyuka da dama biya kan yi jinkiri na watanni, kuma adadin bai motsa ba yayin da farashi ke gudu. Naira 5,000 a 2017 ta kai kusan dala 16. A 2024 ba ta kai dala 4 ba. Matar da ba ta san ranar zuwan kuɗi ba ba za ta shiga adashi da shi ba, mai shago ma ba zai ba ta mudu a kansa ba.

Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, gwamnatin Tinubu ta fara da batun naira 8,000 ga gidaje miliyan 12, ta janye bayan suka, gwamnoni kuma suka ce ba su yarda da rajistar talakawan da aka gada ba. A Oktoba aka ƙaddamar da naira 25,000 na wata 3 ga gidaje miliyan 15, sai aka dakatar da shirin a Janairun 2024 saboda binciken zargin almundahana. Da aka dawo da shi, an ɗaura biya a kan lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da asusun banki ko na waya. Hakan na iya rage sunayen bogi, amma wadda ta fi buƙata, tsohuwar da ke riƙe da marayu a ƙauyen da ba sabis, ita ce ta fi nisa da wurin yin rajistar. Biya uku kuma rage zafi ne kawai, bai kai a kira shi abin da aka gwada a Tawa da Buji ba, inda kuɗin ke zuwa wata bayan wata har shekara ɗaya da rabi ko fiye. A Anka da Tsafe ma, inda mata suka mayar da tallafin awaki da tumaki, yau ɓarayin daji ne ke kora dabbobin, wasu ƙauyukan kuma sai sun biya haraji kafin a bar su su shiga gonakinsu.