Laban Ba Ya Wanke Tina

Wani dattijo mai fenti ya zo wurinmu a nan Jidda. Ya doshi shekara 60, kuma ya fi shekara 20 yana fesa wa ƙofofi da kabad fenti a wata warsha, wato shagon aiki. Ciwon kai ne ya kawo shi. Ya ce kullum da la'asar ji yake kamar ana sara masa kai da gatari, in ya miƙe tsaye sai ƙasa ta juya masa, ga shi kwanan nan sai ya ajiye abu ya rasa inda ya ajiye. Na auna shi, jini bai hau ba, sukari ma lafiya lau. Sai dai tun kafin ya zauna na riga na ji amsar a jikin rigarsa: warin tina, ruwan da ake sirka fenti da shi.

Na ce, "Baba, da me kuke wanke hannu in kun tashi aiki?"

Ya ce, "Da tina mana. Sabulu ai ba ya fitar da fenti."

"To tagar warshar fa, a buɗe take?"

Ya yi dariya. "Haba ɗana, a wannan zafin? Mukayyif ke aiki, yana sanyaya mana ɗaki. In ka buɗe ma ƙura ta ɓata maka aiki. Amma ka kwantar da hankalinka, ba na wasa da laban. Kullum sai na sha kwali guda, yana wanke ƙirji tas."

Wannan magana ta laban, wato nonon sha na Larabawa, na ji ta daga masu fenti, na ji ta daga kafintoci, na ji ta daga masu gyaran jikin mota a Sina'iyya, unguwar garejoji, har da masu shimfiɗa kafet da gam. Kowa ya gaje ta daga mu'alliminsa, shi ma haka ya gada. Ba laifi ba ne mutum ya sha laban, abinci ne mai kyau. Amma hanyarsa daban, ta tina daban. Laban ciki yake sauka. Tururin tina kuwa huhu yake shiga, daga huhu ya faɗa jini, cikin 'yan mintoci ya isa ƙwaƙwalwa. Kafin ka buɗe kwalin laban da magariba, abin da ka shaƙa tun hantsi ya daɗe da isa inda za shi.

Abin da muke kira tina, Larabawa su ce tinar, ba sinadari ɗaya ba ne, haɗi ne. In ka juya bayan gwangwani za ka ga sunaye irin su toluwin, zailin da asiton, wani lokaci har da mitanol. Kowane kamfani da nasa haɗin, amma toluwin ne ya fi yawan fitowa, shi ya sa zan fi tsayawa a kansa. Ruwa ne garai-garai kamar ruwan sha, mai wani wari da wasu ke ji kamar ƙamshi. Daga matatar man fetur ake samunsa a yau. Sunan kuwa daga wani gari ne da ake kira Tolu a ƙasar Kolombiya, domin a 1841 wani masani ɗan Faransa ya tace shi daga ƙaron wata bishiya da ake fitowa da shi ta can. Ba ya gauraya da ruwa, a samansa yake tsayawa. Amma ka ba shi maiƙo, ko gam, ko fenti, nan take zai narkar da shi. Shi ya sa yake cikin fenti, da tawadar ɗab'i, da gam ɗin takalma da na faci, da jan farce. Ana zuba shi a fetur don ƙara masa inganci, kuma daga shi ake haɗa sinadarin da ake yin soson katifa da na kujeru. Wato ba abin da za a ce a daina amfani da shi gobe ba ne, abincin da yawa daga cikinmu a jikinsa yake.

Matsalar ita ce, halin da ya sa yake da amfani a warsha shi ne yake tafiya da shi cikin jiki. Maiƙo yake nema. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam kuwa cike take da maiƙo, kuma jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki an lulluɓe su da wani kitse kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Nan toluwin ke zuwa ya zauna. A rana ɗaya abin da mutum zai ji shi ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, yaji a ido da maƙogwaro, da wata irin kasala mai kama da maye. Hannu ya rage saiti, ƙafa ta rage ƙwari. Mai aiki a kan tsani ko a gaban injin yankan katako ba sai na faɗa masa abin da hakan ke nufi ba. In aka yi shekaru a haka, sai mantuwa ta shigo, da saurin fushi, da rawar hannu, da rashin barci. Ji yana raguwa, musamman ga wanda ke aiki cikin ƙarar injina, domin ƙara da toluwin in sun haɗu ɓarnarsu ga kunne ta fi ta kowane ɗaya shi kaɗai. Wasu ma bambance launuka yana yi musu wuya, wanda ga mai fenti ba ƙaramar asara ba ce. Ƙoda ma ba ta tsira ba. Mace mai ciki da ke yawan shaƙarsa tana kai wa jaririn, don yana ƙetarawa ta mahaifa.

Nawa ne ya yi yawa? Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ba da shawarar kada toluwin ya wuce kashi 20 cikin miliyan na iskar da ma'aikaci ke shaƙa a aikin awa 8. Wannan lissafi ba ya shiga kai sai an kawo shi ƙasa. Ka ɗauki ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi, a rufe ruf. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, in ya bi iska a ɗakin nan, an riga an wuce iyakar. Yanzu ka tuna gwangwanin da ke buɗe tun safe da burushi a ciki, da tsumman da aka jiƙa aka jefar a lungu.

Yanayinmu na nan yana ƙara wa abin nauyi. Toluwin sai ya kai digiri 111 yake tafasa, amma ba ya jiran tafasa kafin ya tashi, kuma zafi na ƙara masa sauri. Muna gudun zafi mu rufe ƙofa mu kunna mukayyif, alhali mukayyif ɗin bango iskar ɗakin yake sanyayawa ya dawo da ita, ba sabuwa yake kawowa ba. Sanyin da kake ji ba tsafta ba ce. Sannan tururin ya ninka iska nauyi kusan sau 3, don haka ƙasa yake kwanciya. Wanda ya durƙusa yana shafa gam a ƙarƙashin kafet ya fi na tsaye shaƙa. Yaro mai rarrafe a gidan da aka yi wa sabon fenti ya fi uwarsa shaƙa. Su kuma 'yan'uwanmu da ke shimfiɗa katifa a ƙasan warsha su kwana, saboda tsadar haya, aikinsu na awa 8 ne amma shaƙarsu ta awa 24 ce. Kada wani ya ce ai ni na saba, ba na ma jin warin. Hanci ne ya gaji ya daina ba ka labari.

Ga kuma wuta. Tun daga wajen digiri 4 toluwin ke fitar da tururin da zai iya kamawa, sanyin da Jidda ba ta san shi ba. Kenan a garin nan kullum a shirye yake. Tururin na bin ƙasa ya je ya sami wuta a inda take, ta biyo shi ta dawo gwangwani. Sigari, garwashin shisha, ƙaramin gas ɗin dafa shayi, tartsatsin walda, duk sun isa. Akwai kuma wanda nake yawan gani a gidajenmu: an gama fenti, wari ya dami Hajiya, sai ta ɗauko kasko ta zuba garwashi ta sa turaren wuta don ya kashe warin, ta ajiye shi a ƙasa daidai inda tururin ya taru. Don Allah iyayenmu mata, a buɗe taga a bar kaskon sai ɗaki ya sha iska. In wuta ta kama, ruwa watsa ta yake yi tunda tina a saman ruwa take yawo. Yashi ko abin kashe gobara mai hoda ake sawa, a kira 'yan kwana-kwana a 998.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne benzin. Larabawa na kiran fetur banzin, amma wanda nake nufi sinadari ne daban, ɗan'uwan toluwin, kuma ya fi shi mugunta nesa ba kusa ba. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, musamman ta jini. Toluwin ba ya cikin wannan rukunin. Amma akwai benzin a cikin fetur, kuma makanikanmu da fetur suke wanke hannu, wasu har su zuƙo shi da baki ta tiyo. Tinar da ake sayarwa a jarka babu suna babu rubutu, ita ma ba ka san me aka haɗa a ciki ba. Arahar nan ban yarda da ita ba.

Sholisho kuwa kowa ya san shi tun daga gida. Abin da yaran ke nema a cikin gam ɗin shi ne wannan toluwin. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba, shaƙa mai yawa tana sa zuciya ta zama kamar tarko a ɗane: firgita ko gudu na iya hargitsa bugunta, yaro ya faɗi ya mutu nan take, ko da ranar ce ta farko da ya fara. Saboda haka in ka kama ɗanka da tsumma a hanci, ba lokacin tsawa da bulala da bin sa a guje ba ne. Ka karɓe abin a hankali, ka fitar da shi iska, ka zaunar da shi. Faɗa yana nan, a yi shi gobe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gorar ruwa. Ma'aikaci ya ɗebo ragowar tina a gorar ruwan sha ya kawo gida, ya ajiye a bayan ƙofa. Yaro ɗan shekara 2 ya taso da ƙishi, ga gora irin wadda yake sha kullum, ga abu fari kamar ruwa. In haka ta faru, abin da muka saba yi shi ne ya fi cutarwa: a sa masa yatsa a maƙogwaro, a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri don ya yi amai. Kada a yi ko ɗaya. Tina ba ta da kauri, in ta taso da amai sai ta zarce huhu, kuma 'yar kaɗan a huhu ta fi mai yawa a ciki haɗari. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke fata da ruwa da sabulu, in ido ta shiga a yi ta zuba ruwa har minti 15. In ya galabaita a kwantar da shi a gefensa. A kira 997 don motar asibiti, ko 937 na ma'aikatar lafiya don shawara, kuma a tafi da gorar ko gwangwanin likita ya gani.

Ko ya warware yana wasa, a kai shi. In akwai mitanol a haɗin, yakan yi shiru awa 12 zuwa 24 kafin ya nuna kansa, lokacin da hanta ta juya shi ya zama gubar da ke cin jijiyar ido. Mililita 10 na tsantsarsa na iya makantar da babba, 30 na iya kashewa. 'Yan'uwanmu na Sudan za su tuna 2011, da gomman matasa marasa matsuguni suka mutu a Khartum bayan sun sha shi. Akwai maganinsa a asibiti, har da wankin jini, amma sai an zo da wuri. Na san abin da ke riƙe ƙafar wasunmu: maganar iƙama, wato takardar izinin zama, da tsoron abin da zai biyo baya. Ba na raina wannan tsoron. Sai dai na ga wanda ya jira gari ya waye, ya zo yana cewa hazo yake gani.

A wurin aiki, iska ce gaba da komai: ƙofa a gefe guda, fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje a ɗaya gefen, kuma a sa ta ƙasa-ƙasa. Gwangwani a rufe in ba a ɗiba, tsumma a ƙarfe mai murfi a waje. Takunkumin da muka saba sawa lokacin korona ƙura yake tarewa, tururi wucewa yake kamar babu komai. Wanda ke aiki shi ne mai gwangwanaye biyu da gawayi a ciki, kuma da zarar ka fara jin wari ta cikinsa gawayin ya ƙoshi, sai a sauya. Safar hannu siririya ma cikin mintoci tina ke ratsa ta. Fentin da ya bushe a hannu, a murza shi da man girki sannan a bi da sabulu. Wanke hannu da tina yana cinye maiƙon fata ta tsattsage, kuma ta fatar ma yana shiga jini.

Dattijon nan ya dawo bayan kamar wata biyu. Sun huda bango sun sa fanka, ya koma yin feshi da sassafe a tsakar warsha, gorar tina kuma ta bar wurin wanke hannu. Ciwon kan ya tafi. Mantuwar ce da sauranta, kuma ban yi masa alkawarin za ta tafi duka ba, na dai tura shi wurin likitan jijiyoyi a duba masa ji da ido. Har ya kai bakin ƙofa sai ya juyo.

"To ɗana, laban ɗin fa? In bari?"

Na ce, "A'a Baba, ku ci gaba da sha. Amma ku sha shi a waje."