Filin Golf Na Turnberry: Ana Iya Yabon Filin Ba Tare Da An Yabi Trump Ba?

Wane fili ne wannan, kuma me ya jawo ce-ce-ku-ce a kansa?

Turnberry yana bakin teku a yankin Ayrshire, kudu maso yammacin Scotland. Babban filinsa ana kiransa Ailsa, sunan da ya samo daga wani ƙaton dutse da ake hangowa a tsakiyar ruwa. Sau huɗu ana buga gasar Open a can, wadda ita ce mafi daɗewa cikin manyan gasannin golf na duniya: 1977, 1986, 1994 da 2009. A 2014 Donald Trump ya sayi wurin, ya maƙala masa sunansa. Tun daga nan duk marubucin da ya sa filin a sahun gaba sai wasu su ce ya zama ɗan koren Trump, wanda kuma ya rage masa maki sai a ce siyasa ce ta rufe masa ido.

Idan masana suka ce fili ya tsaru, me suke dubawa?

Ba kyan ciyawa ba ne, ba kuma girman otal ba. Waɗannan kuɗi ke sayen su. Abin da ake dubawa shi ne yadda mai zane ya jera ramuka 18 a kan ƙasar da ya tarar. Shin ya bi tudu da kwari yadda Allah Ya yi su, ko kuwa ya sa buldoza ta baje komai? Shin ramukan suna fuskantar ɓangarori daban-daban, ta yadda iska za ta bugi ɗan wasa ta gaba a nan, ta gefe a can? A filayen bakin teku irin na Scotland iska ce babbar abokiyar hamayya, domin babu bishiyoyin da za su tare ta, ƙasar kuma yashi ce mai tauri, ƙwallo na gudu a kanta ba ta tsayawa inda ta sauka.

Sai kuma zaɓi. Rami mai kyau yana sa ɗan wasa tunani kafin ya ɗaga sanda: ya bi ta kusa da ramin yashi ya samu hanya mai sauƙi a bugu na biyu, ko ya kauce wa haɗari ya sha wuya daga baya. Fili mai wahala kawai kowa na iya yin sa. Gwaninta ita ce a yi wanda zai gwada ƙwararre, ɗan koyo kuma ya gama zagaye bai zubar da ƙwallayensa duka a ruwa ba. Duk cikin waɗannan ma'aunai babu wanda ke tambayar wa ke riƙe da takardar mallaka.

To wa ya zana Turnberry?

Willie Fernie ne ya fara shimfiɗa shi a farkon shekarun 1900, otal ɗin kuma ya buɗe a 1906. A yaƙin duniya na ɗaya da na biyu sojoji suka mayar da wurin filin jirgin sama, a na biyun aka malala kankare a inda ake wasa. Bayan yaƙi Mackenzie Ross ya sake gina filin, aka buɗe shi a 1951. A kan zanen Ross ne Tom Watson ya doke Jack Nicklaus da bugu ɗaya tak a 1977, karawar da har yau ake ba da labarinta. A nan ne kuma Watson, yana ɗan shekara 59, ya kusa sake lashe gasar a 2009 kafin Stewart Cink ya ƙwace ta. Duk wannan tarihi an kafa shi Trump bai zo ba.

Ke nan ba shi da hannu a kyan filin?

Yana da shi, kuma masu ƙinsa ya kamata su yarda da haka. Shi ya zuba kuɗin gyaran da mai zanen filaye Martin Ebert ya yi, aka sake buɗe filin a 2016. Ebert ya matso da ramuka na 9, 10 da 11 dab da gaɓa. Na 9 ya zama gajeren rami wanda dole a buga ƙwallo ta tsallake ruwa da duwatsu ta sauka kusa da tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1873. Yawancin masu sharhi sun ce filin ya fi da. Basirar ta Ebert ce, aljihun na Trump, kuma mai kuɗin da ya ɗauko gwani ya bar shi ya yi aikinsa ya yi abin da ya dace.

In filin ya kai haka, me ya hana a mayar da gasar Open can?

Kwanaki kaɗan bayan magoya bayan Trump sun afka wa majalisar dokokin Amurka a ranar 6 ga Janairun 2021, hukumar R&A mai shirya gasar ta ce ba za ta koma Turnberry ba sai ta tabbata hankalin jama'a zai kasance kan gasar da 'yan wasa da filin kansa. A lura, ba ta ce filin ya gaza ba. A lokacin ne ma hukumar PGA ta Amurka ta ɗauke gasarta ta 2022 daga filin Trump na Bedminster ta kai Southern Hills. Daga baya R&A ta fi kawo hujjar hanyoyi da jirgin ƙasa da masauki. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya: 'yan kallo kimanin 120,000 ne suka je Turnberry a 2009, alhali gasar 2025 a filin Royal Portrush na Ireland ta Arewa ta tara sama da 270,000.

Wanda ya je ya buga wasa a can fa?

Wannan wata magana ce daban. Faɗin cewa rami na 9 ya tsaru bayani ne, biyan kuɗin shiga kuwa ciniki ne, kuma a 2025, a lokacin da aka fi cunkoso, kuɗin zagaye ɗaya ga wanda ba a otal ɗin ya sauka ba ya kai fam 1,000. Mutum na iya yin na farko ya ƙi na biyu.

Ashe kullum ana iya raba fili da mai shi?

A'a, kuma wani filin na Trump a Scotland ne shaida. A 2006 ya sayi gandun Menie da ke arewa da birnin Aberdeen. Wani kwamitin ƙaramar hukumar Aberdeenshire ya ƙi amincewa da aikin a 2007, gwamnatin Scotland ta karɓe maganar ta ba da izini a 2008, Martin Hawtree ya zana filin, aka buɗe shi a 2012. Wani ɓangare nasa yana kan tuddan yashi na Foveran, waɗanda doka ta keɓe saboda yashi ne mai tafiya da iska, irin wanda ba kasafai ake samu a Birtaniya ba. Ba a buga golf a kan yashi mai tafiya, don haka sai aka dasa ciyawa aka ɗaure shi wuri ɗaya. A Disambar 2020 hukumar NatureScot mai kula da muhalli a Scotland ta cire wannan yanki daga jerin wuraren da aka keɓe, ta ce abin da ya sa aka keɓe shi ya lalace.

'Yan wasa da dama na yaba filin, kuma abin da suka fi yabawa shi ne manyan tuddan da ramukan ke ratsawa, wato ainihin wurin da aka yi ɓarnar. A Turnberry abin da ake ƙi game da Trump yana Washington, ramukan suna Ayrshire. A Menie kuwa mai filin ne ya nace sai an hau kan tuddan, zanen ya bi umarninsa. Tunda ma'auni na farko shi ne yadda aka bi da ƙasar da aka tarar, mai ba Menie maki dole ya sa asarar Foveran cikin lissafinsa, ko da bai taɓa jin sunan Trump ba.